Wata Shidan da Ban Bar Anti Rahila Ta Jira Ba

Kafin a fara nuna ni da baki a unguwar Television ta Kaduna, ni ne wanda iyaye ke kafa wa 'ya'yansu misali da shi. Ba zan faɗi sunana ba, domin mahaifiyata tana raye, kuma har yau tana fita sana'a. Mahaifina ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri, har ranar da aka rufe ƙofa aka sallame su da alkawari. Daga nan ƙosan da Mama ke soyawa a bakin tasha shi ya riƙe gidan, shi ya kai ni har na gama difloma. Ina cikin mawaƙan cocinmu, ba na sha, ba na caca. Ciwo ɗaya ne a jikina wanda ba wanda ya lura da shi, har ni kaina: ina son a ce na iya.

Bayan na yi shekara biyu ina yawo da fayil a hammata, wani mai shagon buga takardu kusa da tasha ya ɗauke ni aiki. Hannuna yana da sauri a kwamfuta, har 'yan unguwa suka laƙaba mini Injiniya, alhali ko soket ban taɓa gyarawa ba. Sunan ya fi albashin yi mini daɗi.

Abin ya fara ne da lamba ɗaya tak. Wani mutum ya zo da takardar haihuwarsa, ya ce ya haura shekarun da ake nema a wani aiki da shekara biyu. Ya ce, "Injiniya, ɗan gyara ne kawai, ba wanda zai mutu." Cikin minti uku na mayar da biyar ta koma bakwai. Ya duba, ya sake dubawa, ya ce, "Kai, wallahi kai maye ne!" Ban tuna nawa ya ba ni ba, amma wannan yabon na tafi da shi gida ina murmushi. Ranar ban ci tuwon kirki ba, ana taɓa ƙofa sai gabana ya faɗi. Da aka kwana uku ba abin da ya faru, tsoron ya kwanta, ni kuma na ɗauka ya tafi ke nan.

Daga takardar haihuwa sai rasit, daga rasit sai sakamakon jarrabawa. Mai shagon ba ya zama, yana da wani shagon a Nasarawa, kuma in dai ya ga ciniki ba ya tambaya. Wata rana wani Alhaji mai tankokin mai a Rido ya shigo a gaggauce, ya ce in buga masa takardar bayanin asusunsa na banki daga wayarsa, ta wata shida. Na buga, ya biya, ya tafi. Bai san na ajiye kwafi ba. Na sa wa takardar suna "uwa", domin daga cikinta na riƙa haifar sauran. In sauya suna, in sauya lambar asusu, in rage nan in ƙara can, sannan in buga hatimin da wani ya sassaƙa mini a bayan kasuwa. Masu neman biza su ne abokan cinikina, tunda duk ƙasar da za ka, sai ka nuna kana da abin da za ka ci da kanka. Waɗanda suka samu su suka riƙa turo mini wasu. Waɗanda aka hana kuwa kunya ba ta barin su dawo su faɗa. Haka na riƙa jin labarin nasara zalla, har na yarda ni gwani ne.

Anti Rahila ƙawar mahaifiyata ce, tare suke zumuntar mata a coci, ko da yake da shekara goma kacal ta girme ni. Ita ta saya mini takalmin da na shiga babbar makaranta da shi. Sana'arta citta. Da kaka takan tafi Kachia ta saro busasshiya, ta jibge a sito a Nasarawa, ta jira farashi ya tashi. Ba ta yarda da banki ba, tun da wani banki ya rufe da kuɗin mahaifinta tana yarinya. Tana da asusu, amma na karɓar 'yan ƙananan kuɗi ne. Dukiyarta tana cikin buhu, ragowar tana adashin matan zumunta. Takan ce, "Citta ba ta taɓa ce mini netwok ya ɗauke ba."

Mijinta Bature ne, daga wata ƙasa da ba Ingilishi suke yi ba. Aikin gyara ya kawo shi matatar mai, ya ga Anti a wajen wani biki, aka yi aure a coci da kotu, aka haifi Murna. Kowa Baban Murna yake ce masa, don sunansa ya fi ƙarfin bakinmu. Murna tana shekara huɗu likitoci suka gano tana da matsala a zuciya. Kwangilar uban ta ƙare daidai lokacin, sai suka kai ta ƙasarsa aka yi mata aiki. Yarinyar tana da fasfon ƙasar, ita kuwa Anti bizar ziyara aka ba ta ta wata uku. Da wa'adin ya cika ta dawo, ko kwana ɗaya ba ta ƙara ba. Ta bar 'yarta a hannun uba da kaka, domin likitoci sun ce sai an sake wani aikin nan gaba kaɗan.

Ta dawo ne da niyyar neman takardar zama, irin wadda ake ba matar ɗan ƙasa. A nan gizo ke saƙar. Albashin da mijin ke samu a can bai kai abin da hukumarsu ta gindaya wa mai son kawo matarsa ba. Sai an cike da ajiya, kuma ajiyar sai ta yi wata shida kwance a banki, don su tabbata ba aro aka yi ba.

Ranar da ta zo shago, fom kawai ta kawo in taya ta cikewa. Ta zauna a benci, ta ɗora jaka a cinya, ta ce, "Ƙanena, in na sayar da cittar duka yanzu, na kwashi adashina, kuɗin za su kai. Amma wata shida! Aikin Murna saura wata huɗu. Za a shiga da ita ɗakin tiyata ba na nan." Idonta ya kawo ruwa, ta goge da bakin zane.

Da ni mutumin kirki ne, da na ce ta sayar ta zuba a banki, ta sake neman bizar ziyara don ranar aikin. Ita ma ta kawo wannan shawarar da bakinta. Na ce, "Anti, ba za su sake ba ki ba, sun riga sun san zama kike so." Ban san haka ba. Ban taɓa karanta dokar ba. Na dai faɗa da muryar wanda ya sani, domin ina son ta ga abin da Injiniya zai iya.

Na juyo mata da fuskar kwamfuta, na buɗe uwa, na sa sunanta a sama. Ta ja baya kamar ta ga maciji. Ta ce, "Yesu! Wannan ai ƙarya ce." Na ce, "Wace ƙarya, Anti? Kuɗin ba ki da su ne? Kina da su, a buhu suke. Ni kawai zan mayar musu da citta takarda, tunda Bature ba zai zo Nasarawa ya leƙa sito ba." Wannan ita ce mafi munin maganar da na taɓa yi, domin rabinta gaskiya ne. Ta tashi ta tafi. Bayan kwana biyar ta dawo, fuskarta duk ta faɗa, ta ce Murna ta yi ta kuka a waya tana tambayar yaushe Mama za ta zo. Ta ce, "Yi abin da za ka yi, Allah ya gafarta mana." Ban karɓi ko kwabonta ba, kuma na daɗe ina fakewa da wannan, sai ka ce wanda ya tura mutum rijiya kyauta ya fi wanda aka biya.

Na zauna na yi aikin da ban taɓa yi wa kowa irinsa ba. Na cire dizal da tayoyin Alhaji, na cusa cinikin citta. Na haɗa mata komai a babban ambulan: fom, takardar aure, takardar haihuwar Murna, wasiƙar miji, da takardar bankin. Na ja mata kunne kada ta cire komai. Ban ce kada ta ƙara komai ba, don bai zo mini a rai ba.

Ashe ranar Lahadi, kafin ta tafi Abuja ta miƙa takardun, matan zumunta sun tsaya bayan sujada sun yi mata addu'a. Mama Jummai, shugabarsu, wadda adashin ke hannunta, ta ce ba za su bar 'yar'uwarsu ta je gaban Turawa ba tare da shaida ba. A wurinmu haka ake yi. In za ka nemi aure, ko gidan haya, ko aiki, manya su tsaya maka. Suka sa wata malamar makaranta ta rubuta wasiƙa da Turanci mai kyau, mata sama da talatin suka sa hannu, masu dangwala yatsa suka dangwala. Kunya ta hana Anti gaya musu abin da muka yi. Ita dai alheri ta gani, ta zura wasiƙar a ambulan ta miƙa.

Sai da ta dawo ta nuna mini kwafin, tana fara'a. Na karɓa na karanta. Wasiƙar ta ce sun san Rahila shekara goma sha biyar, mace ce mai riƙon amana, mai dukiyar kanta, wadda ba ta taɓa ajiye kuɗinta a banki ba, sai a citta da hannun 'yan'uwanta mata. Kowace kalma gaskiya ce. Ga ta kuma kwance a ambulan ɗaya da takardar da na buga, mai cewa miliyoyi sun yi wata shida a asusunta.

Na ce, "Anti, kin miƙa wannan?" Ta ce, "E mana. Laifi ne?" Na ce a'a. Da na buɗe baki a lokacin, wataƙila da ta nemi janye takardun kafin a duba. Tsoron kada ta raina ni ya sa na yi shiru.

Makonni bakwai da suka biyo baya ba na yi wa maƙiyina fatansu. Duk motar da ta rage gudu a gaban shago sai in leƙa in ga ko ni aka zo kamawa. In baƙuwar lamba ta kira, sai in bar wayar ta yi ta ruri a aljihu. Na daina zuwa koyon waƙa don kada in haɗu da Mama Jummai ta ce mini, "Ɗana, mun gode da taimakon 'yar'uwarmu." Na rame, Mama ta ce ciwon shawara ne ke damuna, ta jiƙa mini saiwoyi, na sha don kada ta yi tambaya. Anti kuwa ta fara karyar da cittarta a farashin da bai kai ba, tana sayen rigunan sanyi a gwanjo. Kullum sai ta biyo ta shago ta ce, "Injiniya, duba mini ko sun turo saƙo." In buɗe, in ce ba su turo ba, in sami sauƙi na minti ɗaya, sannan in koma fargabar gobe. Wata Asabar na ciro abin da kwamfutar ke ajiye komai a cikinsa, na hau gada na jefa shi a kogi, na sayi wani na sa. Na manta cewa na taɓa tura wa kaina uwa da 'ya'yanta a waya.

Saƙon ya zo ranar Talata da hantsi. Ni na buɗe shi, tana tsaye a kaina. An ƙi. Sun ce takardunta sun saɓa wa juna, sun tuntuɓi bankin, bankin ya ce takardar ba tasa ba ce. Saboda ta gabatar da jabu, an haramta mata shiga ƙasar shekara goma, ko da ziyara. Ta ce in sake karantawa. Na sake. Ta ce, "Ko da ziyara?" Na ce e. Ta ce, "To aikin Murna fa?" Ta zauna a kan simintin shago, a gaban masu jiran a yi musu kwafi, ta ɗora hannu biyu a ka. Ba ta yi ihu ba, kuma da ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Bankin ya kai ƙara, hukuma ta gayyace ta. Ranar da za ta je na tare ta a hanya, ba kunya ba tsoron Allah, na ce ta ce wani ne a Legas ya yi mata ta waya. Ta dube ni daga sama har ƙasa. Ta ce, "Ƙarya ɗaya na yi, ta cinye mini shekara goma. So kake in ƙara ta biyu?" Duk da haka, daga baya na ji sai da suka tsare ta kwana biyu kafin ta ambaci sunana, saboda Mama.

Da rana tsaka suka zo, mutum uku cikin kayan gida. Ɗaya ya ce yana son a yi masa takardar banki. Na ɗago kai, na ga yadda sauran biyun suka tsaya a ƙofa, na gane. Abin mamaki, sauƙi na fara ji, jiran ya ƙare. Sai da suka ratsa da ni ta bakin tasha da ankwa, na hango Mama ta miƙe tsaye da matsami a hannu, ƙosai na ƙonewa a kasko, sannan na san abin da na aikata. A wayata suka sami uwa da 'ya'yanta. Alhajin Rido, da bai san hawa ba bai san sauka ba, sai da ya yi ta zarya ofishinsu kafin ya wanke kansa. Anti kotu ta yi mata sassauci, tara aka ci ta. Ni aka yanke mini shekara uku.

Ba zan ɓata muku lokaci da labarin gidan yari ba. Duk abin da kuka ji na cunkoso da kuɗin cizo da gabza gaskiya ne, har da ƙari. Abin da ya fi ci mini rai shi ne watanni. Ranar da na cika wata shida a ciki na zauna a bakin ƙofar ɗaki na ce, da tuni ajiyar Anti ta nuna. Ashe wata shida ba wani abu ba ne, ni da na yi shi sau shida a zaune. Wani lauya mai zuwa taimakon fursunoni ya saurari labarina ya girgiza kai. Ya ce a saninsa ba abin da ya hana ta neman bizar ziyara da takardar asibiti. Ya ce da ta sayar da cittar ta zuba a banki ta jira, wasiƙar matan nan ma da ta zama shaidar inda kuɗin suka fito. Wato wasiƙar da ta tona ni, ita ce da za ta taimake ta in da ban tsoma hannu ba. Ranar na yi kuka a gaban ɓarayin shanu da 'yan fashi, ba wanda ya yi mini dariya.

An yi wa Murna aikin, ya yi kyau. Mama ce ta gaya mini a wata ziyara. Ta ce Anti ta yi awowin aikin a durƙushe a coci da waya a hannu, matan zumunta kewaye da ita. Baban Murna ya so ya dawo da yarinyar Kaduna, likitoci suka ce ba yanzu ba, sai tana kusa da asibitinta.

Da aka sake ni na yi mako biyu ban leƙa waje ba. Sannan Mama ta ce, "Tashi ka je. Ba za ka ci tuwona kana ɓuya wa matar nan ba." Na same ta ranar Asabar a sito, zaune a kan buhu. Ta rame, furfura ta fito mata. Na durƙusa, na faɗi abin da na yi shekara uku ina shiryawa, ya fito a hargitse. Ta bar ni har na gama. Ta ce, "Na yafe maka tun kana ciki, tunda haka aka umarce mu. Ni ma da ƙafata na dawo shagonka. Amma kada ka tashi. Ƙarfe huɗu suke kira. Zauna ka gani."

Wayar ta yi ƙara. Fuskar wata yarinya ta fito, doguwa, da giɓin haƙori. Ni na san ta tana bin Anti a harabar coci tana cewa, "Mama, goya ni." Anti ta ce, "Murna, 'yata, kin ci abinci?" Yarinyar ta yi murmushin ladabi, ta juya ta kalli ubanta. Ya faɗa mata da yarensu, ta amsa masa, shi kuma ya mayar wa Anti da Turanci: ta ci, ta gode. Haka aka yi ta yi kusan minti ashirin, uwa na magana, uba na fassara. Anti ta rera mata waƙar da take yi mata tana goye. Yarinyar ta saurara har ƙarshe, ta tafa hannu, a fili yake ba ta san waƙar ba. Can ta hango ni a gefe, ta nuna ni da yatsa ta yi tambaya. Baban Murna ya gane ni sarai. Anti ta ce, "Gaya mata ɗan'uwa ne."

Da aka kashe wayar ta kifa ta a cinya, ta kalli buhunan. Ta ce, "Saura shekara shida da wata biyu. Ran da zan taɓa ta, ta zama budurwa." Sai ta dube ni ta ce, "Wata shida fa muka ce ya yi yawa."

Yanzu ɗinkin buhu nake yi a layin sitocin citta, da allura da zare, ba na taɓa kwamfutar kowa. Na tuba ga Ubangiji, kuma na san ya karɓa, amma tuba ba ta mayar da yaro goyo. Ku matasa masu saurin hannu a waya da kwamfuta, ku nake yi wa wannan rubutu. Wata rana wani zai zo ya ce ɗan gyara ne kawai, ba wanda zai mutu, ya kira ku gwani. Ku ce masa a'a tun a lamba ta farko, domin ta biyu ba ta da wuya. In an tambaye ku abin da ba ku sani ba, ku ce ba ku sani ba, ku tura mutum wurin wanda ya sani. Ku kuma masu neman bin miji ko mata zuwa wata ƙasa, in an ce ku nuna abin hannunku, ku nuna na gaskiya komai ƙanƙantarsa, in an ce ku jira ku jira. Duk wanda ya ce zai taƙaita muku hanya, ko ɗan ƙawarku ne, ko kyauta zai yi, ku tashi daga bencinsa.

In kunnenku ya ji, jikinku ya tsira, har da jikin wanda ya yarda da ku. Ni da na buga takardar na gama wa'adina na fito. Ita da ta yarda da ni, yau Asabar, ƙarfe huɗu ya kusa, tana can kan buhu da waya a hannu tana jira ta yi ƙara.